Yawon jirgin ruwa a tafkin Leman: kasuwa da ɗanɗanon giya a takarda ɗaya, in je ko in bari?

Laminu Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon manya su sa baki. Wurin aikinmu za su tura ni ƙasar Suwis, birnin Lozan, ƙaro ilimi kan ban-ruwan garake. An aiko mana tsarin zaman. Ranar Asabar babu karatu, sai suka shirya mana fita ta wuni guda: da safe a shiga jirgin ruwa a tafkin Leman zuwa wani gari da ake kira Vevey, a ci kasuwa, da rana a biyo ta gonakin inabi na Lavaux, a shiga gidan wani manomi a ɗanɗana giyar da yake haɗawa. Duka a takarda ɗaya suke, kowa ya sa hannu in zai je. Ni tun da nake ban taɓa shiga jirgin ruwa ba, kuma raina na son ganin gonakin nan don sun shafi aikina. Amma maganar giyar nan ta tsaya mini a rai. In ce ba ni zuwa gaba ɗaya, ko in je in zauna ban sha ba?

Bashir Tudun Jamus:
Wa alaikumus salam. Yaya Laminu, ai wannan ba abin tambaya ba ne. Ka yi zamanka a masauki. Karatu ya kai ka, ba yawo ba.

Hajiya Zuwaira:
Bashir, bari Malam ya zo tukuna. Laminu, Allah ya sa a je a sa'a.

Malam Habu Birni:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Laminu, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun ba ka tafi ba. Abu uku aka haɗa maka a takarda, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne, don haka mu raba su. Shiga jirgi da kallon ruwa da duwatsu halal ne, har ma abin so ne ga wanda zai yi tunani a kan halittar Ubangiji. Cin kasuwa halal ne, sai dai ka kula da abin da za ka saya. Kallon gonar inabi ma babu laifi, inabi ɗan itace ne mai tsarki, an ambace shi a Alƙur'ani cikin ni'imomi.

Inda matsalar take shi ne zaman ɗanɗanon. Haramcin giya ba ya buƙatar dogon bayani, aya ta 90 a Suratul Ma'ida cewa ta yi a nisance ta, kuma nisanta ya wuce ƙin sha kawai. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. To wannan zama da suka shirya, giyar ce dalilin yin sa, ba wai cin abinci ake yi wani ya buɗe kwalbarsa a can gefe ba. Don haka zama ba ka sha ba bai fitar da kai ba. Ka je jirgi, ka je kasuwa, ka ga gona, in an zo ƙofar ɗakin giya ka tsaya a waje.

Sanusi Kabu-kabu:
Allah gafarta Malam, ni na ga bidiyonsu. Masu ɗanɗanon nan ba haɗiyewa suke yi ba, kurɓa suke su juya a baki su tofar a wani bokiti. In bai haɗiye ba fa?

Malam Habu Birni:
Sanusi, a mazhabarmu ta Malikiyya giya najasa ce. Wa zai sa najasa a bakinsa da gangan don ya ji daɗinta? Kuma duk wanda ya kurɓa, wani abu sai ya wuce maƙogwaro. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, haka hadisi ya zo. A rufe wannan ƙofar.

Bulus Sabon Gari:
Laminu, ba kai kaɗai za ka tsaya a waje ba. Mu ma a cocinmu ba ma sha, kuma da ni aka tura da tare za mu tsaya. Ka duba cikin abokan karatunka, za ka samu irinmu.

Isuhu (Lozan):
Sannunku 'yan gida. Ina kwananku, ya zafi? Laminu, ni a garin nan nake zaune, bari in ba ka hoton wurin don ka san yadda za ka tsara.

Jirgin daga Ouchy yake tashi, wato bakin ruwan Lozan, kuma zuwa Vevey kamar awa guda ne. Kamfanin CGN ke da jiragen. In kun yi sa'a za ku samu ɗaya daga cikin tsofaffin nan masu tafiya da tururi, masu manyan ƙafafu a gefe da ke kaɗa ruwa. Mafi tsufa a cikinsu, mai suna Montreux, tun 1904 yake. Tafkin kansa faɗinsa murabba'in kilomita 580, zurfinsa ya kai mita 310, wancan ƙetaren da za ka hango Faransa ce. Ka zauna ta hannun hagu in kuna tafiya, don ta nan gonakin Lavaux suke. Tun daga jirgi za ka ga abin da kake son gani: gangaren dutse ne aka yanka shi hawa-hawa, kowane hawa an tare shi da katangar dutse, daga bakin ruwa har sama, hekta sama da 800. Limaman Kirista ne suka fara wannan aiki ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2007. Mutanen nan suna cewa inabinsu rana uku yake sha: ta sama, da wadda ruwan tafki ke maidowa, da zafin da katangu ke riƙewa su sake shi da dare. Kai da kake aikin tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta, wallahi asara ce ka zo har nan ba ka taka wurin ba.

Hanyoyin cikin gonakin a buɗe suke ga kowa, ba sai ka shiga gidan kowa ba. In sun shiga ɗakin giya, kai ka bi hanyar ƙafa ka duba katangu da magudanan ruwa, ko ka sauka tashar jirgin ƙasa ta Cully ko Rivaz, cikin 'yan mintoci kana Lozan. Kuma mutanen nan ba sa jin haushi in ka ce ba ka sha. Abin da ke ɓata musu rai shi ne ka sa hannu sannan ka ƙi zuwa ba ka faɗa ba. Ka rubuta musu tun yanzu.

Bashir Tudun Jamus:
Yaya Isuhu, to kuɗin fa? In kuɗi ɗaya aka yanka na jirgi da na giya, ai ya saya ke nan ko bai sha ba. Malam, ba cikin mutum goma da aka la'anta a kan giya har da mai saye da wanda aka saya wa ba? Ni abin da ya sa na ce ya zauna ke nan, ba ƙin ci gabansa nake ba.

Malam Habu Birni:
Bashir ya kawo magana mai nauyi, kuma hadisin haka yake: mai matsewa, mai ɗauka, mai zubawa, mai sayarwa, mai saye, duk suna ciki. Laminu, in daga aljihunka za ka biya, ka nemi a cire maka kason ɗanɗanon. In su ne suka ɗauki nauyi, ka ce kada a lissafa da kai a wannan ɓangaren, don manomin bisa yawan kawuna zai zuba. In suka ce ba ya rabuwa, to ka bar tsarinsu, ka yanki tikitin jirginka da kanka.

Isuhu (Lozan):
Yana rabuwa, Malam. Tikitin jirgi daban ake sayar da shi a bakin ruwa, kowa na iya saye.

Sai kasuwar. Talata da Asabar take ci, da safe, a babban filin da ke bakin tafki, kuma kafin ƙarfe ɗaya an fara kwashe kaya. In tafiyarka ta faɗo a Yuli ko Agusta, ka sani cewa Asabar ɗin lokacin ana yin kasuwar gargajiya, inda mutum ke sayen kofi ɗaya ya yi ta zagayawa ana zuba masa giya. In ka ga ana miƙa kofi a bakin shiga, ka wuce abinka. Sauran abin kula: naman da ake ɗurawa a hanji, wanda za ka gani a rataye, yawancinsa alade ne. Cukun da suke narkawa a tukunya a dangwala burodi, da farar giya ake haɗa shi. Har cakulan akwai mai barasa a ciki, ka karanta bayan kwali. Abin da za ka ci hankali kwance shi ne 'ya'yan itace, zuma, burodi, da soyayyen kifin tafkin, amma ka tambaya ko an sa giya a romon. Akwai kuma ruwan inabi da na tuffa wanda ba a bari ya yi tsami ba, manoman da kansu suke sayarwa.

Kada ka zo mana da kilishi a jaka, duk da ina kewarsa. Dokarsu ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe.

Hajiya Zuwaira:
Isuhu ɗana, ana tayi a kasuwar?

Isuhu (Lozan):
A'a Hajiya, kuɗin a rubuce yake jikin kaya. Kuma ba yuro suke kashewa ba, kuɗinsu daban ne, darajarsa ta ɗan ɗara ta yuro. Tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, Laminu ya yi lissafi kafin ya miƙa hannu. Abin da zai ba ki mamaki, Hajiya, Nido da Maggi da kike sayarwa a kasuwar Dole, hedikwatar kamfaninsu Nestlé a wannan ƙaramin garin Vevey take.

Malam Habu Birni:
Ƙarin tunatarwa: tunda zamanka zai wuce kwana huɗu, salla cikakkiya za ka yi, kuma daga Lozan zuwa can bai kai tafiyar kasaru ba. Ka fita da alwalarka da ɗan abin shimfiɗa.

Laminu Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta wa matar da ke kula da tsarin kamar yadda kuka ce, ta amsa cewa babu damuwa, ta cire sunana daga ɗanɗanon, har ta ce akwai wasu da suka nemi haka. Bashir, na gode da ka tayar da maganar kuɗin, da ban yi tunaninta ba.

Mushe Abdu mai ritaya:
Alhamdu lillahi, an warware wa Laminu. Amma ni tun da na fara karanta zancen nan wani abu ke cina. Ku dubi abin da mutanen nan suka yi. Ruwa suke da shi, da kasuwar ƙauye, da abin da gonarsu ke bayarwa. Sai suka ɗaure ukun wuri guda, baƙo ya zo ya wuni, ya bar kuɗinsa a hannun mai jirgi da mai tebur da manomi. Giyar ba ita ce asirin ba. Su inabi ƙasarsu ke yi, shi ya sa. Asirin shi ne a kai mutum inda ake yin abu, ya ga mai yin sa, ya ɗanɗana a gabansa, sannan ya saya.

To mu me muka rasa? Ku ɗauki hanyar Gure daga nan Damagaram ranar Lahadi. Kilomita 18 kun isa Mirya, kasuwa na ci, ga tuluna da tukwanen da matan garin ke ginawa, ga kayan garka. Ku ci gaba zuwa Gidimuni, kimanin kilomita 70 daga Damagaram, ga tafki, ga masunta, ga rake, ga dabino a kan bishiyarsa. Dabinon yankin nan har sau biyu yake 'ya'ya a shekara. A 2019 aka sa tafkin Gidimuni da na Madarumfa cikin jerin Ramsar, wato dausayin da duniya ta yarda suna da muhimmanci. Yara nawa ne a lakwal ɗin Damagaram suka taɓa ganin sa? Na koyar da labarin ƙasa har na yi ritaya, ina zana tafki a allo, alhali ga shi nan kusa da mu.

A maimakon kofunan giya, a shimfiɗa tabarma a gindin dabino, a jera iri-iri, mai garka ya yi bayanin kowanne. A kawo rake, cuku, zuma, fura da nonon da aka tatso da safe, a taho da alkakin Damagaram daga gida. Wa zai ce wannan bai kai nasu ba?

Iliya tsohon jagoran baƙi:
Mushe, ka taɓo mini inda ke mini ciwo. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Nijar, mun yi shi. Lokacin da Turawa ke zuwa, daga Yamai ake ɗaukar su zuwa Ayoru ranar Lahadi, a ci kasuwa, a shiga kwale-kwale a je kallon dorina. Wanda ba ya son nisa a kai shi Bubon ranar Laraba, ya sayi tukwane ya dawo ta kogi. Masu kwale-kwale da yawa da wannan suka aurar da 'ya'yansu. Rashin tsaro ne ya kashe abin. Garin Gigimi kuwa, tun kafin wannan, ruwa ya guje shi, tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya ya bar garin a tudu, sannan daga 2015 fitina ta zo ta rufe sauran. Kuskuren da muka yi shi ne duka a kan baƙon waje muka gina. Da ya daina zuwa sai muka zauna. Ba mu taɓa tunanin ma'aikacin Damagaram da iyalinsa ma baƙo ne mai biya ba.

Bashir Tudun Jamus:
Baba Mushe, da girmanka, amma garin da muke kwana a layin famfo da bido, muna jiran 'yan garuwa, shi ne za a yi wa maganar yawon tafki? A kawo mana ruwan sha tukuna.

Mushe Abdu mai ritaya:
Ɗana, ƙishin Damagaram na girme ka a cikinsa. Rashin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926, kuma har yau ba mu huta ba. Amma mai dabino a Gidimuni bai hana a ja mana ruwa ba. In ya samu mai saye a bakin garkarsa, ba sai ɗan tsakiya ya karya masa kuɗi ba. Kuma tafkin da ba wanda ke zuwa, ba wanda zai yi kuka in rairayi da kacalla suka cinye shi.

Hajiya Zuwaira:
Ni maganar Mushe ta shige ni, amma bari in faɗi ta kasuwa. In kun kwaso mutane a mota kuka sauke su Mirya, ranar farko za su saya da daɗi. Rana ta uku, da an hango motar, tulun ɗari biyar ya zama jika. Na ga haka a wurare. Sai an zauna da sarkin kasuwa da matan da ke ginin an yi magana. Na biyu, mace ba za ta wuni a waje ba in babu makewayi mai tsabta da wurin salla da inuwa. Duk mai son ya yi wannan sana'a ya fara da nan, kafin ya yi fentin mota. Na uku, dabinon da za a ɗanɗana a wanke shi, a rufe shi daga ƙuda. Kayanmu na da kyau, yadda muke miƙa shi ne ke korar mutane.

Rabi ma'aikaciyar jinya:
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba a so a ji. Kwale-kwalen masunci an yi shi ne don mutum ɗaya ko biyu da taru, ba don iyali ba. Mu 'yan tudu ne, a cikinmu nan wa ya iya iyo? Ku tuna Bagwai a jihar Kano, ƙarshen Nuwamba 2021, jirgi ya kife da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, sama da ashirin suka rasu. Har can Turai abin na faruwa: a Mayu 2023 iska ta kifar da jirgin 'yan yawo a tafkin Maggiore na Italiya, mutum huɗu suka mutu, kuma an ɗora masa fiye da ƙa'idarsa. In ba rigar kariya ga kowane kai, kada a sa yaron kowa a ruwa. Sannan ruwan da ke kwance irin wannan yana ɗauke da tsargiya. Muna ganin yara masu fitsarin jini daga ƙauyukan bakin tabkuna. A kalla, a shiga jirgi, amma ban da wanka.

Sanusi Kabu-kabu:
Anti Rabi, to ai sai a fasa ke nan.

Rabi ma'aikaciyar jinya:
Ban ce a fasa ba, Sanusi. Na ce a shirya. Mutum huɗu a jirgi, kusa da gaɓa, da safe kafin iska ta taso, kowa da riga.

Iliya tsohon jagoran baƙi:
Gaskiyarta. Kuma lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa na nan bayan damina, rake ya nuna, tsuntsayen da ke zuwa daga nesa sun sauka. Kafin a kai kowa, mutum biyu ko uku su fara zuwa su gaida hakimi, su zauna da sarkin ruwa, a ji ko masuntan ma suna so. Kada mu tsara a waya mu je mu tarar da mutane ba su san da mu ba. A kuma sanar da jandarma, tunda hanyar Diffa ce.

Malam Habu Birni:
In za a yi, a tsara yadda azahar za ta riske ku a gari, kuma jirgin mata daban.

Mushe Abdu mai ritaya:
Na yarda da duka. Iliya, ni da kai mu fara zuwa. Ina da tsohon ɗalibi da ke koyarwa a can, zai sauke mu. Laminu, in ka je ka ɗauko mana hoton yadda suke jera kaya a tebur da yadda ake shiga jirgi a sauka, ba gonaki kaɗai ba.

Hajiya Zuwaira:
Alkaki da furar tafiyar farko a kaina. Rigunan fa, a ina za a same su?

Iliya tsohon jagoran baƙi:
Sai dai Yamai ko Kano, Hajiya. Zan tambayi wani abokina mai kwale-kwale a bakin kogi inda suke saye, in kawo muku kuɗin guda.

Rabi ma'aikaciyar jinya:
Ka tambayo har da na yara, Baba Iliya, girmansu daban ne. In sun iso ku sa sunana da na 'ya'yana biyu.